Na Sa Manaja Ya Bi Layi

Masu cewa na cika baki, na ji ku. Masu turo min saƙo cewa in ji tsoron Allah in goge abin da na rubuta tun kafin in rasa miji, ku ma na gani, har da baiwar Allahn da ta jero min fuskar kuka guda bakwai. Ku gyara zama in ba ku labarin tun daga tushe, sannan kowa ya yanke nasa hukuncin. Ni dai na san abin da na yi, kuma ko gobe aka maimaita haka zan sake yi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da takwas, ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata. Akwai mai nemana, wata biyar ke nan. A wayata "Manaja" na sa masa, don shi ke kula da manyan kantuna uku na mahaifinsa, irin waɗannan masu sanyi da keken tura kaya. Goggo, ƙanwar Abba, ita ta haɗa mu, kuma tun ranar take yi da shi kamar ita ta haife shi. Ba zan ɓoye muku ba, ina son sa. Dogo ne, ba ya ɗaga murya, in ina magana yana saurare har in kai aya, abin da ko a gidanmu ban saba samu ba.

Ranar Alhamis ina ajin ƙarshe saƙon Yaya ya shigo. Tana gidanmu tun da aka yi mata aiki aka ciro jaririn, kuma nonon bai wadata ba, sai da likita ya rubuta madarar gwangwani iri ɗaya tak, don sauran duk amai suke sa shi.

"Auta, madarar ta ƙare, cokali ɗaya ya rage. Ki biyo mana da ita don Allah. Yana ta kuka."

Duk unguwarmu kantin su Manaja ne kaɗai ke da irin madarar. Ana tashi na wuce can yadda nake, doguwar riga ruwan toka, baƙin mayafi, alli a gefen hannuna, jaka cike da takardun gwaji. Na ɗauki gwangwani biyu da ƙunzugun jarirai na shiga layi. A raina na ce minti biyar na fita.

Sai na hango wani allo a saman kanta, sabo fil, da jan rubutu: BA A KARƁAR TURA KUƊI TA ASUSU. A BIYA DA MANHAJARMU, KO KATI, KO TSABA.

Tsaba? Rabona da riƙe kuɗi a hannu har na manta. Ko mai kayan miyan bakin titinmu lambar asusu ya rubuta a kwali ya rataye.

A gabana akwai wani dattijo da farar riga wankakkiya, kwandonsa sabulu ne da sukari da ganyen shayi. Ya miƙa kati. Kashiyar, wata siririya mai tabarau, sa'ata ce ko ta girme ni kaɗan, ta zura a na'ura, ta jira, ta cire, ta goge a rigarta, ta sake zurawa.

"Baba, babu sabis. Ko za ka biya da manhaja?"

Ya zaro 'yar wayarsa mai madannai ya nuna mata. "A nan za ta shiga?"

Ta girgiza kai.

"Ɗana zai iya turo muku yanzun nan, in kira shi?"

"Wallahi Baba an hana mu."

Ya ɗauki kwandon ya koma ya mayar da kowane kaya mazauninsa, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya fita yana gyara hularsa.

Da layi ya zo kaina, katina ma haka. Na ce to, a kawo manhajar, ai malamar lissafi ba za ta gagara ba. Na koma gefe na sauke ta, ta cinye min rabin data. Ta ce in sa suna, na sa. Ranar haihuwa, na sa. Hoton katin shaida, gaba da baya. Hoton fuskata, in ƙifta ido, in juya hagu. Ina tsaye kusa da firjin lemo ina ƙifta wa waya ido kamar mai neman saurayi. Sai ta ce ta turo min lambar sirri ta saƙo. Na jira. Na danna a sake turowa. Sau huɗu. Da suka tashi zuwa, huɗun suka faɗo tare, kuma kowacce na sa sai ta ce ta daina aiki.

Da ƙyar na shiga. Ashe ba a gama ba, sai ka fara zuba kuɗi a cikin manhajar sannan ka biya. Na zuba. Bankina ya turo alat an cire. Manhaja ta ce ba ni da ko sisi.

Saƙon Yaya ya sake shigowa, wannan karon murya ce. Ba ta ma yi magana ba, kukan jaririn kawai ta ɗauko min.

Na koma wurin kashiya na ajiye mata wayar. "'Yar'uwa, dubi nan. An cire, bai shiga ba."

Ta rage murya. "Yakan kai gobe, wani lokacin jibi. Ki yi haƙuri. Tun safe zagi nake sha, wata har uwata ta ambata. Mun faɗa a sama, an ce mu ne ba mu iya yi wa mutane bayani ba."

Nan mai kula da reshen ya ƙaraso, wani mai ƙaton ciki da makullai a ƙugu. Ya taɓa ganina tare da Manaja. Nan take fuskarsa ta washe.

"A'a, Hajiya, ke ce a layi? Ai da kin yi magana. Ke, sa mata a leda. Ki tafi kawai Hajiya, ai gida ne."

Ku da kuka ce girman kai ne ya hana ni karɓa, ku ji. Mutum kusan goma sha biyar ne a bayana, kowa riƙe da waya yana fama, kuma minti arba'in da suka wuce a gaban idona dattijo ya mayar da sabulu. In ɗauki leda in ratsa su in wuce don ana sa ran zan auri ɗan mai kanti? Na ce, "Na gode, amma ni saye na zo yi."

Wata mata mai goyo a bayana ta taɓa ni. "Ƙanwata, ina da tsaba. In biya miki ki turo min?"

Ta karanto lambarta, na tura, wayarta ta yi ƙara tun ban sauke hannu ba. Ta miƙa wa kashiya kuɗi. Abin da kanti mai reshe uku ya kasa a minti hamsin, mu biyu da ba mu san juna ba muka gama shi kafin a ƙirga goma.

Na isa gida jaririn ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Sai da na ga ya kama kwalba yana zuƙa yana ajiyar zuciya, sannan na zauna a bakin gado, ko mayafi ban cire ba, na rubuta abin da kuka karanta. Ban zagi kowa ba. Na faɗi sunan kantin, na faɗi minti nawa na yi, na ba da labarin dattijon, na rufe da tambaya ɗaya: mu da muka kawo muku kuɗinmu, me ya sa sai mun roƙe ku kafin ku karɓa?

Kafin safiya sharhi ya haura dubu. Ashe kowa na da nasa tabon.

Ƙarfe tara na safiyar Asabar Goggo ta dira, da leshinta mai ruwan goro da turaren da ke riga ta shiga ɗaki. Ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Ke yanzu don Allah wace irin yarinya ce? Gidan da za ki shiga shi za ki tona wa asiri a duniya? Uwar yaron ta kira ni har sau uku. Na rasa inda zan sa fuskata."

"Goggo, ƙarya na yi?"

"Wa ke maganar ƙarya? Ana maganar aure kina maganar madara."

Umma na gefe tana ninke kayan jariri, ba ta ɗago ba. "Auta, shekararki nawa? Sa'o'inki nawa suka rage a gida? Yaron nan mai hankali, mai ladabi. Ki goge kawai, in ya so ki faɗa masa a tsakaninku."

"Na faɗa masa, Umma. Tun watan jiya da abin ya faru da wata malamarmu. Dariya ya yi ya ce mutane ne ba sa son ci gaba."

Yaya ta leƙo daga ɗaki da jariri a kafaɗa. "Ni dai da ɗana ya kwana da yunwa, da ni zan rubuta, kuma nawa sai ya fi nata zafi."

"Ke rufe mana baki, ke da kike ɗakinki," in ji Goggo.

Abba na kan kujerarsa da rediyo a cinya. Duk aka juya ana jiran ya tsawatar min. Ya rage muryar rediyon ya ce, "Ni ma ranar Talata na mayar musu da man gogin haƙori." Ya ƙara muryar rediyonsa. Goggo ta kalle shi kamar ta shaƙe shi.

Sai ga saƙon Manaja, na farko tun ranar Alhamis.

"Malama. Ina ƙofar gida."

Na sa abaya mai ruwan zuma, na shafa hoda sama-sama, na fita. Yana jingine da mota, farin yadi, agogo, idanunsa sun faɗa kamar bai yi barci ba.

"Kin kyauta ke nan?" ya ce a hankali.

"Kai ka kyauta?"

"Da kin kira ni, minti biyu an kawo miki madarar har gida."

"Na sani. Dattijon da ke gabana wa zai kira?"

Ya shafa kai. "Manhajar nan tana aiki. Kullum da ita nake biya."

"A wayarka mai tsada, da intanet ɗin ofis, kuma ma'aikata na ganinka suna rawar jiki. Ka taɓa bin layi a kantinku?"

Ya girgiza kai.

"To ga sharaɗina. Mu je reshenku na bakin tasha, inda ba ka cika zuwa ba. Ka sa takunkumi da hular rana. In ba ka tsohuwar wayar Yaya. Ka sayi burodi ɗaya da manhajarka, kamar kowa. In ka fito cikin minti goma, a gabanka zan goge, har in ba da haƙuri."

Murmushi ya yi, irin na wanda ya ga banza ta faɗi. "Minti biyar ma ya isa."

Jama'a, minti talatin da takwas. Ina riƙe da agogo.

Na tsaya wajen kayan shafa ina kallonsa. Na ga lokacin da ya fara ƙifta wa waya ido. Na ga yana ɗaga ta sama yana neman sabis, yana matsawa bakin ƙofa, mai gadi yana ce masa Malam ba a fita da kaya. Gumi ya jiƙa bayan farin yadin nan. Wani mai kayan gini a bayansa ya ce, "Ɗan'uwa, haƙura za ka yi, ni jiya sai da na bar musu kayansu na yi zuciya." Wata tsohuwa kuma ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "An ce ɗan mai kantin ne ya kawo wannan masifar. Ubansa shekara talatin muna saye a hannunsa, bai taɓa mayar da mu ba. Yaro ya je ya yi boko ya dawo ya fi ƙarfinmu."

Na zuba ido in ga abin da zai yi. A raina na riga na yanke: in ya cire takunkumi ya huce a kan kashiya, daga nan zan tari abin hawa in koma gida, Goggo ta yi ta kuka. Bai cire ba. Ya je ya mayar da burodin inda ya ɗauko, ya ce wa kashiyar ta yi haƙuri ya ɓata mata lokaci, ya fita.

A mota ya daɗe riƙe da sitiyari bai tayar ba. Ni ma ban ce na faɗa maka ba, ko da yake maganar na kan harshena tana rawa.

"Na sani," ya ce daga baya. "Tun sati na biyu na sani."

"To me ya hana ka cire allon?"

Ya cire hular ya ajiye. "Kamfanin da ya yi mana manhajar, na sa hannu da su shekara biyu. Sharaɗin shi ne mu rufe tura kuɗi ta asusu, kowa ya bi ta wajensu. In muka janye, tarar da za mu biya ta kai a sayar da reshe ɗaya. Alhaji, mahaifina, bai sani ba. Tun farko ya ce bai yarda ba, na ce masa gwaji ne na wata uku, ko yaushe muna iya fasawa." Ya juyo ya kalle ni. "Shi ne abu na farko da na yi da kaina a kantin nan, Malama. Shekara shida ina aiki a ƙarƙashinsa, ko kwan fitila ban taɓa canzawa ba sai da izininsa. In ya ji, wana zai miƙa wa makullan, kuma ya yi daidai."

Tausayinsa ya kama ni, ba zan musa ba. Na kusa cewa to shi ke nan, bari in goge. Sai ya ƙara da abin da ya tsayar da ni.

"Ga mai kula da reshe ya dakatar da kashiyar ranar Alhamis. Wai ita ta ba ki labarin cikin gida, kuma ta bari ana musayar kuɗi a gaban kanta."

"Ka bari?"

"Jiya na ji."

"Jiya ka ji, yau ka zo min da maganar gogewa." Na gyara zama na fuskance shi. "Ka saurare ni da kyau. Matar nan ta dawo aikinta ranar Litinin, ba ragin ko kwana ɗaya. Wannan ba roƙo ba ne. Na biyu, ka je ka faɗa wa mahaifinka da bakinka. Na uku, ranar da allon nan ya sauka, ni da kaina zan rubuta cewa kun gyara, in yabe ku har a gaji. Kafin nan rubutuna na nan."

"In ya karɓe kantunan fa? Goggonki ma ba za ta ƙara amsa sallamata ba."

"Ba Goggo za ka aura ba. Ni ina da albashina, kuma ban taɓa cewa kanti nake so ba. Amma ba zan zauna da mutumin da ke ganin ana wulaƙanta mutane a ƙofarsa ya yi shiru don tsoron faɗa ba."

"Ki ba ni sati ɗaya."

"Kashiya Litinin. Sauran sati ɗaya."

Ranar Litinin da safe saƙonsa ya shigo: "Ta koma aiki." Na tura masa alamar babban yatsa kawai, kada kansa ya kumbura. Amma na shiga aji ina murmushi har ɗalibai na taɓa juna.

Lokacin hutun tara, ina ɗakin malamai ina cin biskit da shayi, shugabar makaranta ta leƙo da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malama, kina da baƙo a ofishina."

Na karkaɗe alli na bi ta. Wani dattijo ne zaune, babbar riga ruwan ƙasa, sanda a jingine da gwiwa, tabarau a kan hanci. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, a hoton da ke wayar Manaja. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice. Shugabar ta ja mana ƙofa.

A kan tebur akwai takardu masu kauri, an buga an haɗa da ƙusa. Rubutuna ne a sama, sharhin mutane a ƙasa, an ja wa wasu layi da jan biro.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce, Baba."

"An ce ki goge kin ƙi."

"Na ƙi, Baba."

Ya gyaɗa kai, ban gane ko yabo ne ko akasinsa ba. "Ni ba na shiga waɗannan abubuwan na waya. Jikata ce ta buga min. Kwana biyu ina karantawa. Akwai mutanen da na san iyayensu a cikin masu zagin nan." Ya cire tabarau ya ninke. "Na ce wa yaron nan ya sauke allon, ya ce a ba shi lokaci. Na sake faɗa, ya sake cewa lokaci. Ɗana bai taɓa musa min sau biyu ba. Akwai abin da yake ɓoyewa, kuma an ce min shekaranjiya kun daɗe a mota a bakin tasha. Na ga ke ba kya tsoron faɗin gaskiya. Shi ya sa na tsallake kowa na zo wurinki."

Wayata ta yi motsi a hannuna. Na saci kallo. Manaja ne.

"Direba ya ce Alhaji na makarantarku. Don girman Allah kada ki faɗa masa maganar sa hannun. Kin ba ni sati ɗaya."

Gaskiya ne, na ba shi. Kwana biyu kawai ya ci a ciki. Ga kuma dattijo ya zuba min ido, mutumin da nake fatan wata rana in kira shi surukina, yana jiran in nuna masa ko yarinyar da ta yi rubutun nan ce a gabansa ko wata.

Na kife wayar a kan tebur, na ja kujera na zauna.

"Baba, akwai abin da na sani, ba zan ce maka babu ba. Amma ba a bakina ya kamata ka ji shi ba. Ka ba ni izini in kira shi ya zo nan yanzu, ya faɗa maka ina zaune."

Ya kalle ni, ya kalli agogon bango.

"In ya ƙi zuwa fa?"

"To ka samu amsarka, ni ma na samu tawa."

Alhaji ya jingina da kujera ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa. "Kira shi. Ki sa yadda zan ji."

Na danna lambar, na ajiye wayar a tsakaninmu. Ta fara ƙara. Ɗaya. Biyu. Uku.